Inshora: In Kamfani Ya Ƙi Biya Da Gangan, Wa Zai Biya Lauya?

Da tsakar daren 18 ga Janairun 1994, gobara ta tashi a wani gida da ke yankin Haliburton a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Maigidan da matarsa da 'yarsu suka fito daga su sai kayan barci, cikin sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, suka tsaya suna kallon gidan har ya ƙone ƙurmus. Maigidan ya cire takalmansa ya ba 'yar don ta ruga ta nemo agaji, shi kuwa sanyi ya yi wa ƙafafunsa illar da ta kai shi ga kwanciya a asibiti. Abin da kawai ya rage wa iyalan Whiten a wannan dare shi ne yarjejeniyar inshorar da matar gidan ta ƙulla da wani kamfani mai suna Pilot.

Kamfanin ya ba su dalar Kanada 5,000 ta cefane, ya biya musu hayar wani ɗan gida na 'yan watanni, sannan ya yanke ba tare da ko sallama ba. Hujjarsa ita ce wai su suka cinna wa gidan wuta da hannunsu, tunda an san suna cikin matsin kuɗi. Shugaban 'yan kwana-kwana na yankin ya ce bai ga alamar haka ba. Jami'in binciken da kamfanin ya ɗauko da kansa ya ce a biya su, sai aka sauke shi daga aikin. Injiniyan da aka kira shi ma ya ce wutar tsautsayi ce. Duk da haka kamfanin ya kafe, har aka shafe mako takwas ana tafka shari'a. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba matar gaskiya, suka ce a biya ta asararta, suka kuma ɗora wa kamfanin diyyar ladabtarwa ta dala miliyan ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wannan diyya zuwa 100,000, amma a watan Fabrairun 2002 Kotun Ƙoli ta Kanada ta mayar da ita miliyan ɗaya yadda take.

Miliyan ɗayar ce ta fi jan hankalin jaridu a wancan lokaci. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wasu lambobi ne guda biyu da Mai Shari'a Ian Binnie ya jera a cikin hukuncin. Haƙƙin da matar take nema bai wuce dala 345,000 ba, kuɗin shari'ar da aka tilasta mata shiga kuwa ya kai kusan 320,000, kuɗin da ba ta da su. A Kanada wanda ya faɗi a shari'a shi ake ɗora wa ɗawainiyarta, don haka kamfanin ne ya ɗauki wannan nauyi a ƙarshe. To, mai karatu ya ƙaddara a ƙasar da kowa ke biyan lauyansa aka yi wannan ƙara. Ka cire 320,000 daga 345,000 ka ga abin da zai rage wa matar da ta yi nasara. Ga hukunci a hannu, amma babu gida.

Irin wannan ƙasa kuwa akwai ta, ita ce Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa girman kasuwar inshora. Tun a 1796 Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa al'adar ƙasar ita ce kowa ya biya lauyansa, ko ya ci ko an ci shi, ta kuma sake jaddada haka a 1975 a shari'ar kamfanin bututun mai na Alyeska. Masu kare wannan ƙa'ida suna da hujja mai ƙarfi: in talaka ya san cewa faɗuwa a kotu tana nufin zai biya lauyoyin attajiri, to ko kusa da ƙofar kotu ba zai je ba. Sai dai a harkar inshora ƙa'idar takan juye ta sari wanda aka yi ta dominsa. Kamfanin inshora yana da lauyoyi da yake biya albashi ko da ƙara ko babu, kuma kuɗin da ya riƙe bai biya ba suna can suna juyawa suna kawo riba. Wanda gidansa ya ƙone kuwa kowace rana ta jinkiri asara ce a kansa. In iyakar abin da kotu za ta ce bayan shekara huɗu ko biyar shi ne a biya abin da tun farko ya kamata a biya, me zai hana kamfani ya gwada sa'arsa? Wasu za su gaji su haƙura, wasu su karɓi rabi, wanda ya jure har ƙarshe kuma sai ya raba abin da ya samu da lauya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kamata a bambanta kuɗin lauya iri biyu a nan, domin sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko shi ne na kare kai: ka buge wani da mota, ya kai ka ƙara, kamfanin da ya yi alkawarin tsaya maka ya zame, ka ɗauki lauya da kuɗinka. Wannan ba a cika gardama a kansa ba, domin kariyar tana cikin abin da ka saya, kuma kotunan Amurka sukan sa kamfani ya mayar maka da abin da ka kashe in ta tabbata zamewarsa ba ta kan ƙa'ida. Na biyu shi ne kuɗin da ka kashe wajen kai shi kansa kamfanin ƙara don ya cika alkawari. A nan ne aka daɗe ana kai ruwa rana.

Jihar Kalifoniya ce ta fara buɗe hanya. A 1973, a shari'ar Gruenberg, wadda ita ma kan gobara ce da zargin cinna wuta, Kotun Ƙolin jihar ta ce ƙin biyan mai inshora ba tare da dalili mai ma'ana ba ya wuce saɓa yarjejeniya kawai, cutarwa ce mai zaman kanta da ake iya neman diyya a kanta. Bayan shekara 12 sai ga shari'ar Brandt. Shi ma'aikaci ne da ke da inshorar naƙasa ta hannun wurin aikinsa, ya kasa aiki, kamfanin Standard ya ƙi biyansa. Da ya kai ƙara sai ya haɗa da neman kuɗin lauya, ƙaramar kotu ta soke wannan ɓangare tana mai kafa hujja da dokar jihar da ta ce kowa ya biya nasa. A 1985 Kotun Ƙolin jihar ta warware wannan hukunci, kuma dabarar da ta bi abin a tsaya a duba ce. Ba ta ce ta rushe ƙa'idar kowa ya biya lauyansa ba. Cewa ta yi kuɗin da mutum ya kashe don ƙwato haƙƙin da aka danne masa da mugun nufi asara ce da cutarwar ta haifar, kamar dai yadda kuɗin likita yake cikin diyyar wanda aka ji wa rauni. Wanda ya karya maka ƙafa shi zai biya maɗori. Wanda ya tilasta maka ɗaukar lauya don karɓar abin da ya san naka ne, shi zai biya lauyan. Har yau lauyoyin jihar suna kiran irin wannan kuɗi da sunan Brandt.

Amma kotun ta gindaya iyaka. Abin da za a mayar shi ne kuɗin aikin da lauya ya yi wajen ƙwato ainihin haƙƙin da ke cikin yarjejeniyar, ban da wahalar da ya sha wajen neman diyyar ɓacin rai ko ta ladabtarwa. A takarda abin da sauƙi, a aikace kuwa da wuya, domin yawancin masu irin wannan ƙara ba sa biyan lauya bisa awa. Lauya ne ke ɗaukar ƙarar kyauta bisa sharaɗin in an ci zai ɗebi kasonsa daga jimillar abin da aka samu. Yaya za a tsame kason haƙƙin yarjejeniya daga ciki? A 2004, a shari'ar Cassim da kamfanin Allstate, inda lauya ya yi yarjejeniyar kashi 40 cikin 100, kotun ta ce a lissafa awannin da aka kashe kan ƙwato haƙƙin yarjejeniya, a ga ko kashi nawa ne na dukkan aikin, sannan a ɗauki wannan kaso daga jimillar kuɗin lauyan. Ma'ana ke nan, lauyan da bai riƙa rubuta awanninsa dalla-dalla ba tun ranar farko ya jawo wa wanda yake karewa asara.

Wani abin takaici kuma shi ne, shekara biyu kacal bayan hukuncin Brandt, Kotun Ƙolin tarayya ta toshe wa irinsu Brandt ɗin hanya. A 1987, a shari'ar Pilot Life da Dedeaux, ta ce inshorar da ma'aikaci ya samu ta hannun kamfanin da yake wa aiki tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, don haka ba zai iya kai ƙarar mugun nufi a ƙarƙashin dokar jiha ba. Dokar ta bar wa alƙali damar ya ba da kuɗin lauya in ya ga dacewar haka, amma babu diyyar ladabtarwa, babu ta ɓacin rai. Miliyoyin ma'aikatan Amurka a wannan layi suke har yanzu.

Sauran jihohi kowace da kiɗanta. Washinton, tun daga shari'ar Olympic Steamship ta 1991, ba ta ma buƙatar a tabbatar da mugun nufi: muddin kamfani ya ce asararka ba ta cikin abin da ya ɗauki nauyi, ka kai shi kotu ka ci, zai biya lauyanka. Fensilbaniya ta yi doka a 1990 da ta ba alƙali ikon ɗora wa kamfani mai mugun nufi kuɗin lauya da kuɗin ruwa da diyyar ladabtarwa. Ta Niyok ce ta fi ba ni mamaki. Bisa hukuncin Mighty Midgets na 1979, in kamfani ne ya riga ka zuwa kotu yana neman a ce ba dole ne ya kare ka ba, ya kuma faɗi, to zai biya lauyanka. In kuwa kai ne ka gaji da jira ka kai shi, ko ka ci, kuɗin lauya naka ne. Ba sai an gaya wa kamfani mai wayo abin da zai yi ba: ya rubuta wasiƙar ƙin biya, ya naɗe hannu ya zauna.

Wani zai ce ai diyyar ladabtarwa ta isa ta rufe komai. Ba ta isa ba, domin samunta sai an tabbatar da zalunci ƙarara, kuma an rage mata ƙarfi. A 2003, a shari'ar State Farm da Campbell daga jihar Yuta, Kotun Ƙolin Amurka ta soke diyyar ladabtarwa ta dala miliyan 145 da aka ɗora kan asarar miliyan ɗaya, ta ce da wuya a amince da wadda ta kai ninki goma na ainihin asara. Ladabtarwa sa'a ce da kan faɗo wa mutum ɗaya cikin masu yawa. Kuɗin lauya kuwa kowane mai ƙara sai ya biya.

Adalci ne kuma a saurari ɓangaren kamfanoni, kuma babu inda hujjarsu ta fi fitowa fili kamar Filorida. Tun 1893 jihar take da dokar da ta ce duk mai inshorar da ya ci kamfani a kotu, ko da abin da ya samu kaɗan ne, kamfani zai biya lauyansa, shi kuwa in ya faɗi ba zai biya na kamfani ba. Babu maganar mugun nufi ko kaɗan. Da tafiya ta yi tafiya sai abin ya zama sana'a. 'Yan kwangilar gyaran rufi suka riƙa bi gida-gida suna karɓar sa hannun masu gida a kan a mallaka musu haƙƙin neman diyya, su ƙara farashi, in kamfani ya yi gardama lauya ya shigar da ƙara, tunda ya san kuɗinsa na nan. Hukumar inshora ta jihar ta ce a 2019 Filorida ce ke da kimanin kashi 8 cikin 100 na buƙatun diyyar gidaje a duk Amurka, amma ita ke da kashi 76 na ƙararrakin da aka kai kamfanoni a kan haka. A 2022 kaɗai kamfanoni shida na inshorar gidaje suka durƙushe a jihar. A watan Disambar wannan shekara majalisa ta cire inshorar gidaje daga dokar, a watan Maris na 2023 kuma Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu aka soke ta baki ɗaya, in ban da wata 'yar ƙofa da aka bari ga wasu nau'o'in inshora idan kamfani ya musanta ɗaukar nauyi ɗungurungum. Gaskiya ne a 2025 jaridun jihar sun bankaɗo wani rahoto da ya nuna wasu kamfanoni suna kukan asara alhali rassansu na kwasar riba, amma wannan bai goge gaskiyar cewa an yi wa tsohuwar dokar hawan ƙawara ba. Abin tausayin shi ne, mai gidan da guguwa ta yaye wa rufi da gaske, wanda bai taɓa haɗa baki da kowa ba, shi ne yanzu zai cire kuɗin lauya daga kuɗin gyara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A ganina darasin da ke tsakanin Kalifoniya da Filorida a bayyane yake. Kamfani yana da haƙƙin ya yi bincike, ya yi shakka, har ya yi kuskure, domin masu cinna wa shagunansu wuta don cin kuɗin inshora suna nan a kowace ƙasa, kuma kuɗin da za a biya su na sauran masu zubi ne. Kuskuren gaskiya bai kamata ya jawo horo ba. Amma wanda binciken kansa ya gaya masa ya biya, ya sallami mai binciken ya nemo wani, wannan ba kuskure yake yi ba, ciniki yake yi da wahalar mutum. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada, inda a ƙa'ida wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'a. Ita kanta Ingilar ta daɗe da gurguwar doka a nan. A shari'ar Sprung ta 1996, wani mai ƙaramar masana'anta da maɓarnata suka lalata wa injuna a 1986 ya jira fiye da shekara uku kafin a biya shi, kafin nan sana'ar ta mutu, kotu kuma ta ce doka ba ta san diyyar jinkirin biyan inshora ba. Sai a watan Mayun 2017 gyaran da majalisarsu ta yi ya fara aiki, wanda ya wajabta biya cikin lokacin da ya dace. Mu kuwa mun riƙe ƙa'idar a baki, amma duk wanda ya taɓa zama a babbar kotu ya san abin da alƙali kan yanka a matsayin kuɗin shari'a sau da yawa ko kuɗin motar zuwa kotu ba ya rufewa. Game da ainihin kuɗin lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a shari'ar Guinness da Nwoke ta 2000 ɗora wa abokin shari'a wannan nauyi ya saɓa wa ɗa'ar aiki da maslahar jama'a, Kotun Ƙoli ma ta nuna irin wannan ra'ayi a shari'ar Nwanji ta 2004. Daga baya, a shari'ar Union Bank da Chimaeze ta 2014, Kotun Ƙolin ta amince da kuɗin lauya a matsayin asara ta musamman, tunda an bayyana shi a takardar ƙara an kuma kawo shaida. Tun daga nan lauyoyi ke ja, kowa da hukuncin da yake ɗagawa, mai ƙara kuma bai san wanne alƙalinsa zai bi ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da harkar inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki ba, kuma hukuma ke ƙara matsa wa jama'a su shiga. Daga Janairun 2023 inshorar mota ta dole ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, a Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara kama waɗanda ba su da ita. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya ko ya rubuta dalilin ƙin biya, ta kuma ba hukumar NAICOM ikon biyan mai haƙƙi daga ajiyar kamfanin. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta. Wa'adi abu ne mai kyau, amma yana aiki ne kan kamfanin da ya amsa cewa ana bin sa. Wanda ya rubuto maka wasiƙa ya ce kai ka cinna wutar, ko ya ce ka ɓoye wani bayani lokacin cike takarda, ya cika sharaɗin ba da dalili, saura kai da lauyanka. Masu takaful ma ba su tsira daga wannan ba, domin a kotu ɗaya ake haɗuwa.

A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ko Sabon Gari, gobara ta cinye masa kayan Naira miliyan 20, aka ƙi biyansa. Ya shafe shekara biyar tsakanin babbar kotu da ta ɗaukaka ƙara, lauya ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, hauhawar farashi ta cinye rabin darajar sauran. Maƙwabtansa a layi suna kallo, kuma hukuncin da za su yanke wa inshora ba sai an tambaye su ba. Abin da nake ganin ya kamata majalisa ko ita NAICOM ta rubuta bai wuce sakin layi ɗaya ba: idan kotu ta gamsu cewa kamfani ya ƙi biya ko ya ja lokaci ba tare da dalili mai ma'ana ba, to cikakken kuɗin lauyan da aka kashe wajen ƙwato haƙƙin yana wuyansa, tare da kuɗin ruwa daga ranar da ya kamata ya biya, kuma alƙali ne zai tantance ko kuɗin lauyan ya yi daidai da aikin. Kafin a kai can, wanda ya tsinci kansa a wannan hali ya nemi kamfani ya ba shi dalilin ƙin biya a rubuce, ya fara kai kuka sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, ya ƙulla yarjejeniyar kuɗi da lauyansa a takarda, ya adana kowane rasit, sannan ya tabbatar an rubuta adadin a cikin takardar ƙara tun ranar da aka shigar da ita, domin abin da ba a nema ba alƙali ba zai bayar ba.